An Sauka Lafiya, Tsoro Bai Sauka Ba

Nazari domin iyali a kan raunin zuciya bayan haihuwa

Idan mace ta haihu, tambaya biyu ce a bakin mutane: "An sauka lafiya?" da kuma "Me aka samu?" Da zarar an ji uwa da jariri suna da rai sai a yi barka, a hura wutar ruwan wanka, a dama kunu, a shiga shirin suna. Murnar tana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. A irin wannan ƙasa, macen da ta fito daga ɗakin haihuwa da ƙafafunta ta isa a yi mata guɗa. Amma akwai wadda jikinta ya dawo gida, hankalinta kuwa yana can a kan gadon da ta ɗauka a kansa za ta mutu. A kanta wannan nazari yake.

Wata mai jego a Gwange

A ɗauki misalin wata mace a Gwange, unguwar nan ta bakin kogin Ngadda a Maiduguri. Ba sai an ba ta suna ba, gama irinta suna da yawa. Haihuwarta ta biyu ce. Naƙuda ta daɗe a gida, da dare ya raba aka sa ta a keke Napep zuwa asibiti. Ta haifi ɗa namiji, sa'an nan jini ya ɓalle. Ta ji wata murya tana cewa a yi maza a nemo jini, ta ga an aiki mijinta waje, aka ɗauke jaririn ba wanda ya gaya mata ko ya yi kuka. Tana kwance tana kallon fanka tana juyawa, sanyi yana hawowa daga ƙafafunta, sai ta tabbata a ranta cewa ba za ta ga wayewar gari ba. An tsayar da jinin. Bayan kwana uku aka sallame ta, aka rubuta a katinta cewa uwa da ɗa suna lafiya.

A gida an yi mata dukan abin da ake yi wa mai jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunu, nama, hutu daga aiki. Duk da haka mako uku, mako biyar, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci. In ta rufe ido sai fankar nan ta dawo. Ƙanshin Dettol yana sa zuciyarta bugawa kamar za ta fito. In keke ya tsaya a ƙofar gida da dare sai ta zabura. Tana ba yaron mama, tana yi masa wanka, amma kamar ɗan maƙwabta aka ba ta riƙo. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi ba ta kunya, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Da lokacin rigakafin mako shida ya yi, ta ce kanta yana ciwo. Mako na gaba ma haka. Surukarta, mace mai kirki, ta ce mata, "'Yata, ki gode wa Allah mana. Ga ki da rai, ga ɗa a hannunki, me kuma ya rage?" Ta ce, "Na gode, Mama," ta yi shiru.

Sunan abin da ke damunta

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna domin wannan hali: ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da haruffan PTSD. An shigar da shi cikin jerin cututtuka a Amurka a 1980, bayan an ga yadda sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suke fama. An ɗauki shekaru kafin a yarda cewa ɗakin haihuwa ma yana iya barin irin wannan rauni. A 2017 masu bincike a Landan suka haɗa sakamakon nazari 59 daga ƙasashe dabam-dabam, suka iske kimanin mace 4 cikin 100 tana samun ciwon bayan haihuwa. A cikin waɗanda suka sha wahala mai tsanani kuwa adadin ya kusa 1 cikin 5.

Alamarsa ta farko ita ce abin yana dawowa ba da son mai shi ba, a mafarki ko ido biyu. Ba tunawa ba ce irin ta yau da kullum, wadda mutum ya san abin ya wuce. Ga mai wannan ciwo abin yana faruwa ne yanzu, da ƙamshinsa da ƙararsa da sanyinsa. Daga nan gudu yake fitowa: gudun asibiti, gudun zancen haihuwa, gudun zuwa barka gidan wata, wani lokaci gudun shimfiɗar miji domin tsoron wani ciki, har ma gudun jaririn kansa, tun da shi ne babban abin tunawa da daren. Sa'an nan jiki yana zama a ɗaure kullum kamar mai tsaro: rashin barci, zabura, saurin fushi, tashi sau goma cikin dare a duba ko yaro yana numfashi. Tunani kuma yana juyewa. Mace takan ce laifinta ne da ba ta tafi asibiti da wuri ba, ko jikinta ne ya kasa abin da kowace mace take yi, ko ba wanda za a amince wa. A makonnin farko mata da yawa suna ganin wasu daga cikin waɗannan, su kuma lafa da kansu. Idan sun wuce wata guda suna hana ta rayuwarta, a nan likita yake kiran abin ciwo.

Wajibi ne iyali su bambanta shi da abubuwa uku da suke kama da shi. Akwai 'yar damuwar kwanakin farko, wadda ke zuwa wa yawancin masu jego wajen kwana na uku zuwa na biyar: kuka ba dalili, saurin jin haushi, takan wuce kafin mako biyu. Akwai ciwon baƙin ciki na bayan haihuwa, wanda nauyin zuciya da rashin jin daɗin kome suka fi yawa a cikinsa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana samun damuwar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari wannan ce, sau da yawa kuma tana tafiya tare da ciwon firgici. Na ukun shi ne mafi haɗari, ko da yake bai cika faruwa ba, haihuwa 1 ko 2 cikin 1,000: ruɗewar hankali da ke zuwa farat ɗaya, yawanci cikin mako biyun farko. Mace ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta riƙa jin muryoyi, ta ce an canza mata jariri ko ana shirin kashe ta. Wannan ba abin jira ba ne. A kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, kada a ɗaure ta, kada a doke ta. Haka kuma duk mai jegon da ta ambaci kashe kanta, ko da cikin wasa ta faɗa.

Akwai kuma wani gargaɗi da ya shafi arewa musamman. Bugun zuciya da haki ba kullum daga tsoro suke ba. Ƙarancin jini yana kawo su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana wani ciwon zuciya da ke kama masu jego, suka yi zargin yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi; ko mene ne ainihin sanadinsa, ciwon ya fi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin wurare. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina domin numfashi, a fara da auna zuciyarta da jininta.

Me ya sa ita, ba wata ba?

Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa ya yi kama da na mai gadi. Idan ya hango mutuwa sai ya busa usur: zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su ɗaure, hankali ya tattaru a kan tsira kaɗai. A wannan hali ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da ya faru a jere kamar labari mai farko da ƙarshe. Guntu-guntu take ajiye shi, ƙamshi nan, murya can, ba tare da alamar cewa an gama ba. Saboda haka in guntu ɗaya ya gilma, mai gadin yakan sake busa usur, ko da ɓarawon ya daɗe da tafiya.

Mutanen Maiduguri ba baƙi ba ne ga wannan. Tun rikicin Yuli 2009 garin ya san abin da ake nufi da mutum ya faɗi ƙasa domin taya ta fashe. Kowa ya ga waɗanda suka gudo daga Gwoza da Bama a 2014, yadda wasunsu ba su iya barci sai da takalmi a kusa. Ba a ce musu marasa godiya ba. Abin mamaki shi ne, ciwon da ake ganewa nan da nan a jikin ɗan gudun hijira, in ya bayyana ga mai jego sai a kira shi sangarta. Alhali kuwa sau da yawa mace ɗaya ce take ɗauke da duka biyun, bincike kuma ya nuna cewa wadda ta taɓa shiga tashin hankali a baya ta fi saurin kamuwa. Matan da suke haihuwa a Gwange yau, da yawansu 'yan mata ne a shekarun dokar hana fita, lokacin da aka hana babura a 2011, aka kuma rufe layukan waya a 2013. Sun ji yadda naƙudar dare take a garin da ba a fita, ba a kiran kowa. A daren 9 ga Satumba 2024 zuwa wayewar 10 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ya faru a 1994, Gwange kuma tana cikin unguwannin da ruwa ya fi ci. Ruwan ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, dubban iyalai suka koma sansanoni irin na Bakassi. Naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye. Macen da ta haihu a waɗannan kwanaki, ko ta gudu da jariri a ka, in har yanzu tana firgita da ƙarar ruwan sama, tana da hujja.

Sai dai ba girman haɗarin kaɗai ke barin rauni ba. A 2004 wata malamar jinya a Amurka, Cheryl Beck, ta tattara labaran mata 40 daga ƙasashe huɗu, ta iske cewa haihuwar da ma'aikata suka ɗauka ta tafi daidai tana iya zama bala'i ga mai haihuwar. Abin da matan suka fi ambata shi ne an bar su su kaɗai, ba a yi musu bayani ba, an tuɓe musu mutunci. A 2019 wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Gana da Gini da Miyanma ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da wulaƙanci a lokacin haihuwa, kamar tsawa, zagi ko mari. Ungozomomi da yawa suna aiki da tausayi cikin ƙarancin hannu da kayan aiki, wannan gaskiya ne. Amma jumla ɗaya, "Yaronki yana da rai, muna tsayar da jinin," da ta rage wa matar Gwange rabin abin da ta ɗauko.

Maganar da ke rufe baki

Al'ada tana yabon macen da ta haihu ba a ji muryarta ba. Dauriya abu ne mai kyau, amma in ta zama doka sai ta hana mara lafiya faɗin inda ke ciwo. A gidajen masu bi akwai ƙarin nauyi: mace takan ji tsoro kada a ce bangaskiyarta ta yi rauni, ko ta raina kyautar da aka ba ta. Wasu kuma nan da nan sukan ce iska ce ta shafe ta, ko sammu ne daga dangi, sai gida ya rabu biyu a kan zargi, ita kuwa tana nan ba barci. Littafin Farawa sura 35 ya ba da labarin Rahila, wadda ungozoma ta ƙarfafa da albishirin ɗa namiji a daidai lokacin da ranta ke fita. Ita kuwa sunan baƙin ciki ta raɗa wa yaron, littafin kuma bai tsauta mata ba. Samun ɗa bai share azabar da aka sha wajen samunsa ba. Mace tana iya gode wa Allah da dukan zuciyarta, ta kuma farka tsakar dare tana rawar jiki. Wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wurin ɗori.

Abin da gida zai iya yi

Kwana arba'in na jego dama ce da ƙasashe da yawa ba su da ita: mai haihuwa tana kewaye da uwa ko suruka ko inna, ana ganinta dare da rana. Abin da ya rage shi ne a sa ido a kan hankalinta kamar yadda ake sa ido a kan ruwan wankanta.

Barci ne farko. A karɓi yaron bayan ya sha mama, a bar ta ta samu sa'o'i huɗu ko biyar a jere. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta warkewa. A rage baƙi, musamman masu zuwa da labaran wadda ta mutu a wurin haihuwa. Sa'an nan a buɗe ƙofar magana ba tare da an tura ta ciki ba. "Yaya haihuwar ta kasance miki?" ta fi "Ai ya wuce." In ta fara faɗa, a saurara har ƙarshe, kada a gyara mata labarin, kada a kawo na wata da ya fi nata muni. In ta maimaita sau bakwai, a ji sau bakwai, gama ta haka guntayen suke haɗuwa su zama labarin da ya wuce. In kuwa ba ta so, a ƙyale ta. An gwada tilasta wa mutane su amayar da kome a zama ɗaya jim kaɗan bayan tashin hankali, aka ga bai hana ciwon ba.

Sa'ad da abin ya taso mata ido biyu, wanda ke kusa ya kira sunanta a hankali, ya gaya mata inda take da ranar da ake ciki, ya sa ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta ambaci abubuwan da take gani a ɗakin, ta ja numfashi ta sake shi a hankali fiye da yadda ta ja. Game da jariri, kada a zarge ta. Goyo, da ɗora shi a ƙirji fata da fata, da yi masa magana suna jawo shaƙuwa a hankali. Iyaye mata da yawa kuma suna samun mugun tunani da ke faɗo musu ba da so ba, kamar ganin yaron ya suɓuce daga hannu. Wadda irin wannan tunani ke tsorata ta ba niyyar cuta take da ita ba, amma ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya domin a tantance.

Miji yana da babban rabo. Shi ma wanda ya yi yawo cikin dare neman jini yana iya ɗauko nasa firgicin, ya ɓoye shi cikin daɗewa a waje. In matarsa tana gudun shimfiɗa, ya sani ba ƙiyayya ba ce. Zumuntar mata kuma, da take kai sabulu da zane gidan haihuwa, za ta yi aiki mafi girma in mace ɗaya mai riƙe sirri ta koma bayan taro ya watse, a mako na shida da na goma, lokacin da kowa ya ɗauka an gama.

Lokacin neman likita

In wata guda ya wuce alamun ba su ragu ba, ko sun hana ta kula da kanta da yaron, a nemi taimako. Ana iya farawa da ungozomar asibitin unguwa. A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa da ke hanyar Bama, kusa da Gwange. Mutane suna jin nauyin shiga irin waɗannan wurare kada a ce hauka ne, amma yawancin masu zuwa can da ƙafafunsu suke zuwa su koma gida. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai neman jinya.

Babban maganin ciwon firgici magana ce da ƙwararre, zama kamar takwas zuwa goma sha biyu. Ana bin labarin daren daki-daki cikin natsuwa, ana gyara tunanin da ya karkace, kamar ɗora wa kai laifi, ana kuma koya wa mace komawa ga abin da take gudu mataki-mataki. In akwai baƙin ciki mai nauyi likita yana iya ƙara ƙwaya; akwai irin su satralin da mai shayarwa take iya sha, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma daina su farat ɗaya. Ƙwayoyin barci da ake saye a kyamis ba da takardar likita ba suna danne abin ne kawai, suna kama jiki, suna kuma iya bin nono zuwa ga jariri.

Ba kowane taimako ne sai likita ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na unguwa yadda za su zauna da masu ciki da masu jego masu baƙin ciki. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da rabi in an gwada da waɗanda ba su samu ba, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin koyarwa. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Gwange ba ta rasa kakanni ba.

Ciki na gaba

Tsoron ya fi tasowa sa'ad da wani ciki ya shiga. Ana ba da shawarar a jira aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin a ɗauki wani. In ya samu, a faɗa wa ungozoma tun awon farko abin da ya faru a baya, a roƙa a duba tsohon kati a yi bayaninsa. Mata da yawa a nan suke fara jin ainihin abin da ya same su, su gane ba laifinsu ba ne. A shirya mai ba da jini da abin hawa tun wata na bakwai, a kuma tambaya ko za a bar wata 'yar'uwa ta zauna da ita lokacin naƙuda, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 2018.

Matar Gwange ba ta kai can ba tukuna. Wani dare mijinta ya farka ya same ta zaune a bakin gado, ya ce, "Maman yara, me kike gani in kin rufe ido?" Ta daɗe kafin ta ce, "Fanka." Washegari ƙanwarta ta raka ta asibitin unguwa, suka tsaya a bakin ƙofa, suka juyo. Bayan kwana biyu suka shiga suka zauna a benci har zuciyarta ta lafa. A zuwa na uku aka yi wa yaron allurar da ta makara da mako huɗu, ungozoma kuma ta rubuta mata takarda zuwa hanyar Bama.